Hoton situdiyo a kan duwatsun Filato: abin da na biya da abin da na samu

Mayafai da laffaya da abaya nake sayarwa a Jos, kuma yawancin cinikina ta WhatsApp da Instagram yake shigowa, shagon kusan ma'ajiyar kaya ce kawai. Gab da Babbar Sallah na kai sababbin kaya wani situdiyo a cikin gari, ba nisa da Taminus, inda suke irin aikin nan da ake yayi: a ɗauki mutum a cikin ɗaki, a yanko shi a kwamfuta, a ɗora shi a kan hoton dutse ko ruwa, a zuba hazo da haske mai taushi har abin ya koma kamar a mafarki. Ƙanwata ce ta sa kayan. Tun da na saki hotunan mata ke tambayata ko da gaske tsaunin Shere muka hau. Ba mu hau ba, ko Farin Gada ba mu wuce ba. Sunan situdiyon kuwa zan bar shi a cikina, tunda akwai ƙorafi a maganar.

Dalilin da ya kai ni can mai sauƙi ne. Damina ce, kuma ruwan Jos ba ya sallama. Ga kuɗin mota, ga kaya masu tsada da za a ja a cikin ciyawa da laka, ga wurin canza kaya da babu shi a bayan gari, ga kuma hankalin iyaye da ba zai kwanta ba a ce budurwa tana kan dutse da yamma. A situdiyo kuwa akwai labule da madubi, har da dutsen guga.

Asalin dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wanda ya buɗe tsohon album ɗin gidansu zai ga iyayenmu a tsaye gaban labulen da aka zana wa bene ko jirgin sama, ga tukunyar furen roba a gefe. Mai hoton ya ce mini haɗa hoto biyu su zama ɗaya ya girmi kakanninmu ma: tun wajen shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku daban, sararin sama daban, ya haɗa su wajen wanki. Photoshop da suke gyaran hoto da shi a kwamfuta yanzu a 1990 ya fito, kuma a 1994 aka sa masa damar jera hotuna hawa-hawa, wani a kan wani, a taɓa ɗaya ba tare da an ɓata sauran ba. A kan wannan jerin hawa-hawan aikin nasu duka yake tafiya.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauki kyamara ba sai da muka zaɓi hoton baya. Ya buɗe mana rumbu biyu. Ɗaya na hotunan da ya sauko da su daga intanet: ƙanƙara, gonar furanni, hamada da raƙuma, dogayen benayen Dubai. Ɗayan kuma na waɗanda ya fita ya ɗauka da hannunsa a nan jihar: duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna kamar an jera su da gangan, ruwan Assop da ke kan hanyar Abuja, tsaunukan Shere da ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, sai kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield da Bukuru. Kowane hoto muka nuna, sai ya tsaya ya duba ta ina rana ta faɗo a cikinsa, sannan ya je ya juya fitilunsa su bi wannan ɓangaren. In rana daga hagu take kuma ta yi ƙasa, babbar fitilar nan mai lema ma hagu za ta koma, a sauke ta. In a tsugune ya ɗauki dutsen, a tsugune zai ɗauki yarinyar. Na ce masa, "Malam, wannan wahalar duk ta mece ce, ba kwamfuta ce za ta gyara ba?" Ya ce, "Hajiya, kwamfuta tana canza launi, amma ba ta mayar da inuwar hanci ɗaya gefen." Daga baya na ga gaskiyarsa ƙiri-ƙiri.

Na zaci koren kyallen nan na 'yan fim za a shimfiɗa. Ashe toka-toka yake amfani da shi. Dalilinsa biyu: kore yana feso launinsa a gefen fuska da gefen tufafi, a yi ta fama da gogewa, sannan cikin kayana akwai koriyar laffaya, wadda da an ɗauke ta a gaban kore da rabinta ya ɓace tare da bangon.

Inda kuɗina ya halatta shi ne wajen mayafai masu shara-shara. Duk wanda ya taɓa cire bayan hoto da manhajar waya ya san yadda take yi wa gyale: ta datse gefensa kamar da almakashi, abin da ke bayan yadin kuma ya tsaya fari fat ko toka, alhali ya kamata a hango dutsen ta cikinsa. Shi zama ya yi yana bi da alƙalamin kwamfuta a hankali, har ciyawar Shere tana leƙowa ta cikin shifon ɗin, bakin leshin ma kowane rami an buɗe shi. Akwai hoto guda, abaya ruwan ƙasa da mayafi ruwan madara, an kunna fanka ta ɗaga gefen mayafin, an ɗora ta a kan wani falalen dutse da hasken la'asar sakaliya. Ya sa 'yar inuwa mai duhu daidai inda takalminta ya taɓa dutsen, wata doguwa mara ƙarfi ta miƙe gefe. Tsaunukan nesa ya bar su da shuɗi-shuɗin da suke yi in an hango su, sannan ya jawo 'yan ganyen ciyawa ya sa a gabanta, suka rufe bakin abayar kaɗan. Wannan ciyawar ta gaba ita ta gama aikin, don ita ta sa mutum ya shiga cikin wurin maimakon ya tsaya a gabansa. Mahaifiyarmu da ta gani sai ta juya ga ƙanwata: "Ke, yaushe kika je can ban sani ba?"

Na ƙanƙara kuwa, wanda ƙanwata ta nace a kai ("Yaya, don Allah ko guda ɗaya"), bai yi ba. Hoton bayan na ranar gajimare ne, babu inuwa ko ɗaya a cikinsa, ita kuma an ɗauke ta da ragowar hasken la'asar na hoton da ya gabata, saboda lokaci ya ƙure ba a sake jera fitilu ba. Sai ga fuska tana ƙyallin rana a wurin da babu rana, ga takalmi mai tsini a kan ƙanƙara babu sawu. Kowa ya kalla sai ya ce wani abu bai zauna ba, ko da bai iya nuna shi da yatsa ba. Na Dubai ma haka, ta fito kamar ta fi motocin da ke bayanta girma. Duk hotunan da suka yi kyau daga rumbunsa na gida suka fito, don ya san ƙarfe nawa ya ɗauke su, ya san inda ya tsaya.

Yanzu ƙorafi, kuma na farkon ya ɓata mini rai sosai. Ƙanwata baƙa ce, baƙi mai kyau. Da aka turo zagayen farko sai na ga wata farar yarinya da ban sani ba, fuska sumul babu ko ramin gashi, hannu kuma an manta da shi da launinsa na asali. Ba shi ya yi wannan matakin ba, yaronsa ne, kuma da na yi magana amsar ita ce wai haka kwastomomi suke so. Wataƙila wasu. Ni dai ba wanda ya tambaye ni. Sun gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma sai da na koma da ƙafata na zauna kusa da kwamfutar.

Na biyu ya fi shafar 'yan kasuwa irina. Wannan hazon da ruwan zinaren da ake zubawa a kan hoton gaba ɗaya don mutum da dutse su zama launi guda, shi ne kuma yake canza launin kaya. Wata laffaya ruwan hoda mai haske ta koma kamar ruwan goro. Wata baiwar Allah daga Bauchi ta yi oda saboda abin da ta gani, kaya suka isa, ta kira ni ranta a ɓace, kuma tana da gaskiya. Na karɓi kayana na mayar mata da kuɗinta, kuɗin mota ya hau kaina. Tun daga nan kowane hoton dutse na saka, ina bin sa da na biyu wanda na ɗauka da waya a bakin shago da rana, in rubuta cewa wannan ne ainihin launin. Mai son hoton ajiye tarihi, na kafin biki ko na zagayowar ranar haihuwa, wannan ba damuwarsa ba ce. Mai sayar da yadi kuwa ta faɗa tun farko cewa a ware tufafin daga wannan rinin. Ana iyawa, tunda kowane abu a hawansa yake.

Sun kuma saɓa alkawarin ranar bayarwa, da uzurin wuta da cunkoson Sallah. Wannan ban riƙe shi sosai ba, na ga yawan aikin da mayafi ɗaya ke ci. Kuɗin ya ninka na hoton situdiyo na yau da kullum fiye da sau biyu, kuma a kan kowane hoton da aka haɗa ake lissafi, ba a kan zaman ba, don haka gara mutum ya zaɓi kaɗan masu kyau. A kuma nemi a turo su a matsayin fayil ko a zuba a filashi. Waɗanda aka fara turo mini kai tsaye ta WhatsApp, WhatsApp ɗin ya matse su, da na kai a wanke babba don firam sai hazon ya fito dabbare-dabbare.

Zan koma da kayan sanyi in hunturu ya kama, don ya nuna mini wasu hotunan kududdufan Rayfield da ya ɗauka da sassafe cikin hazon Disamba, wanda na gaske ne, ba na kwamfuta ba. Mun riga mun yi magana a kan sharuɗɗa: daga rumbunsa na gida kawai za a zaɓa, ba a taɓa launin fatar yarinya, ba a rina mini kaya, kuma shi da kansa zai zauna a kan aikin, ba yaronsa ba.