Tayar Ice Spiker Pro da wadda na caccaka wa sukurori: wacce ta fi a kan ƙanƙara?

Hunturu biyu na yi ina shiga tseren keke a kan daskararren tafki da tayoyin da na haɗa da hannuna, kafin na daure na sayi Ice Spiker Pro, tayar keke mai ƙusoshi ta kamfanin Schwalbe na Jamus. Yanzu ita ma ta ci hunturu guda a ƙarƙashina, tsere huɗu da zirga-zirgar yau da kullum, don haka ina ganin na isa in tofa albarkacin bakina.

Tseren namu ba na ƙwararru ba ne. Mutum ashirin da 'yan kai ne, a share dusar ƙanƙara a fitar da fili mai zagaye, a jera robobi a kan kwana, a busa usur. Kafin kowa ya hau sai an huda ƙanƙarar an auna kaurinta. Ma'aunin da muke bi shi ne na hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka: inci 4, wato kusan santimita 10, na sabuwar ƙanƙara garau kafin mutum ya taka, in kuwa fara ce mai haɗe da dusa sai a ninka. Wasu ba sa ma zuwa tafki. A Toronto ta Kanada, a filin wasan sulɓi na Dufferin Grove aka daɗe ana yin tseren da ake kira Icycle, kuma can ma tayar haɗin gida ce ta yi tashe.

Bari in fara da tawa, don da ita zan auna ta kamfani. Tsohuwar tayar keken dutse na samu, mai manyan ƙuraje. Na bi ƙurajen ɗaya bayan ɗaya da siririn bakin injin huda daga waje, don in ga inda ramin zai ɓullo a ciki, sannan na juya tayar na riƙa ɗaura sukurori daga ciki, tsininsu ya leƙo waje. Sukurorin ɗaure kwano ne, masu rabin inci. Ta gaba ta ci wajen 300, ta baya ƙasa da haka. Dare uku na yi a kanta, yatsuna duk suka yi kanta, kuma ba sau ɗaya ba na kai hannu zan gyara zaman tayar a cinyata ta yi mini zane kamar na yi faɗa da kyanwa.

Kuskurena na farko ganda ce. An gaya mini in shimfiɗa wani abu tsakanin kawunan sukurorin da tiyub, ko tsohon tiyub da aka tsaga, ko siririyar taya da aka yanke wa baki. Na ga aikin ya yi yawa, na liƙa salatif falle ɗaya na ce ai ya wadatar. A zagaye na uku na tseren farko sai na ji bayan keken na rawa. Kan sukuru guda ya ci salatif ɗin ya huda tiyub, iska ta sace, na ƙarasa da ƙafa ina jan keke, mutane na yi mini tafin tausayi. Wanda bai taɓa cire taya mai ƙayoyi 300 da daskararrun yatsu ba, bai san faci ba. Kuskurena na biyu, ban auna tazarar da ke tsakanin tayar da jikin keken ba, sukurorin gefe suka kankare mini fenti har ƙarfe ya bayyana. Sai da na bi su da almakashin ƙarfe na rage musu tsawo.

To, da wannan tarihin na buɗe kwalin Ice Spiker Pro. Mai inci 26 na saya, ƙusoshinta 361. Kowace ƙusa gidanta na alminiyam ne, tsininta kuma na wani ƙarfe mai tsananin tauri da ake kira tonstin kabaid (ba kabaid ɗin masu walda ba, suna ne kawai ya zo ɗaya). Abin da ya fara ba ni mamaki rashin nauyinta. Na ɗaga ta a hannun dama, tawa a hagu, sai na ji kamar na riƙe hula da turmi. Sa ta a wili bai ɗauke ni minti goma ba, ba shimfiɗa, ba salatif, ba jini.

Kamfanin ya ce a fara tuƙa ta kimanin kilomita 40 a kan kwalta, ba taka birki da ƙarfi, ba fizga, don ƙusoshin su zauna daram a gurbinsu. Na bi wannan sau da ƙafa, ko da yake raina ya so in wuce tafki kai tsaye. Ƙararta a kwalta kamar ana suya a mai mai zafi, masu tafiya a ƙasa tun daga nesa suke waiwayowa su ba ka hanya. Haka duk taya mai ƙusa take, bayan kwana biyu kunne ya saba.

A hanyar yau da kullum ba ni da abin cewa sai yabo. Wurin da ya fi ba ni tsoro a da shi ne inda dusa ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, ta bar wani sulɓi baƙi wanda ido ba ya rabe shi da jiƙaƙƙiyar kwalta. Da wannan tayar nakan wuce shi ban ma sani ba. Nan ma hatsarinta yake, kuma ba laifinta ba ne: tana sa ka manta a kan me kake. Wata safiya na tsaya a mahaɗa, na sauke ƙafa, takalmina da ba shi da ƙusa ko ɗaya ya zame, na zube ni da keken gaba ɗaya. Tun daga ranar nake duba ƙasa kafin in dire.

Tayar sukurori ba ta iya wannan aikin sam. Ƙarfensu mai laushi ne, in ka bi kwalta da su na kwana biyu tsinin ya dakushe, gishirin da ake watsawa a titi kuma ya sa su tsatsa. Ɗaukar keken nake yi a kafaɗa daga mota zuwa bakin tafki. Ƙusoshin Schwalbe kuwa bayan hunturu guda na shafa su da yatsa, kaifinsu na nan.

Sai ranar tsere, inda labarin ya juya. A miƙaƙƙiyar hanya ta kamfani ta fi, nesa ba kusa ba. Ba ta da nauyi, tana tashi da wuri, kuma ba ta nutsewa ta riƙe ka. Na wuce mutanen da ban taɓa ganin gabansu ba. Amma tsere a ƙaramin fili a kwana ake cinsa. Ƙusoshinta ɗan kai kawai suka fito, bai wuce milimita biyu ba, an yi su ne su karci ƙanƙara su kuma jure wa kwalta. Sukurorina kuwa sun fito ninkin haka, suna shiga su kafe. Da su nakan kwantar da keken a kwana har feda ta kusa taɓa ƙasa, ina jin ƙanƙara na tsagewa, farin gari na tashi a bayana. Da Ice Spiker Pro sai na rage gudu tun kafin kwanar, in zagaya a tsaye-tsaye, wanda na wuce ɗazu ya zo ya kutsa ta ciki. Bayan zagaye goma, sanda tayoyin mutane suka tona fili ya cika da garin ƙanƙara, tazarar ta ƙaru, don gajeriyar ƙusa sai ta ratsa garin kafin ta taɓa mai tauri.

Rage iska ya taimaka sosai. Na sassauta ta har ina iya danna ta da babban yatsa, ƙusoshin gefe suka fara taka ƙasa, kwanar ta ɗan yi daɗi. A kula dai, iskar da aka bayar a ɗaki mai ɗumi takan ragu da kanta in an fita cikin sanyi, don haka a bakin tafkin nake aunawa, ba a gida ba.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya dube ni ina ta wannan lissafi, ya nuna mini kekensa: sukurori a gaba, ta kamfani a baya. Hujjarsa ita ce in ta baya ta zame kana iya cetonta, in ta gaba ta tafi kuwa sai dai ka ji ka a ƙasa. A tsere na huɗu na gwada haka, na zo na shida, matsayin da ban taɓa kaiwa ba.

Wanda yake son taya ɗaya da zai je aiki da ita, ya hau tafki ranar hutu, ya dawo gida a kan kekensa, ya sayi Ice Spiker Pro kar ya yi wata-wata. Ba ta taɓa yi mini faci ba, kuma ta raba ni da ɗaukar keke a kafaɗa. Wanda kuma kofi yake nema a fili mai kwana huɗu, ya nemi tsohuwar taya da injin huda da safar hannu mai kauri. Tawa ta gaba na nan rataye a bayan ƙofa, sukurori goma sha ɗaya sun lanƙwashe a layin hagu, wajen da muke kwanciya, kuma na riga na sayo kwalin da zan maye su kafin tafki ya sake kamawa.