Gidan abincin Italiyawa ko na 'yan Labanan: ina za ku kai abokinku?

Malam, ka ce ku shida ne, abokai tun na makaranta, an yi wa ɗayanku canjin wurin aiki zuwa Abuja, kuna so ku haɗu a tsallaken gada, a tsibirin Legas, ku yi masa liyafar sallama, kuma kun kasa tsayar da magana tsakanin babban gidan abincin Italiyawa da na 'yan Labanan. Damuwarka uku ce: halal, kuɗi, da kada jama'a su tashi da yunwa. Na ci a duka biyun, a Victoria Island da Ikoyi, kuma da ni ne mai gayya na Italiyawa zan zaɓa. Sai dai a duka ukun nan da ka lissafa, 'yan Labanan ne a gaba, don haka bari in faɗa maka komai a fili.

A maganar halal babu haɗi. Abincin 'yan Labanan ɗan gida ne a wurinmu, duk wanda ya taso a Kano ya san Kwarori da girkinsu. Gasasshen naman rago, kaza a tsinke, kafta ta niƙaƙƙen nama, hummus na dakakken wake da riɗi da man zaitun, tabbouleh na faski da ɓarzajjiyar alkama, gurasa da zafinta. Da wuya ka ga naman alade a takardar abincinsu. Amma kada ka ɗauka kowane ɗan Labanan Musulmi ne, Kiristocinsu suna da yawa, kuma manyan gidajen abincinsu a Legas galibi suna sayar da giya, wasu har da shisha. Girkin dai shi ne mai sauƙin sha'ani.

Na Italiyawa kuwa sai ka buɗe ido, domin alade da giya ba a gefe suke ba, a tsakiyar tukunya suke. Carbonara, taliyar da kowa ke sha'awa don kyan gani, da kumatun alade ake yin ta, a haɗa da ƙwai da cuku da masoro. Amatriciana ma haka. Miyar bolognese, wadda za ka rantse niƙaƙƙen naman sa ne kawai, a asalinta ana sa kitsen cikin alade da giya, kuma ita ce ake shimfiɗawa a cikin lasagna, wato taliyar da ake gasawa hawa-hawa. Duk inda ka ga prosciutto, pancetta, guanciale, speck, salami ko mortadella a takarda, to alade ne, sai in an rubuta ƙarara cewa na sa ne ko na talotalo. Risotto, shinkafarsu mai danƙo, yawanci ana zuba mata farar giya tun a farkon dahuwa. Taliyar da ake yi da jatan lande da sauran kayan teku ita ma haka. Har kayan zaƙi bai tsira ba: tiramisu sau da yawa yana ɗauke da giyar Marsala ko wata irinta. In mai kawo abinci ya ce maka ai wuta ta ƙone ta, ka sani ba duka take fita ba, kuma ba shi zai yi maka fatawa ba.

Wannan ba ya nufin a fasa. Abin da nake so da girkin Italiyawa shi ne kusan komai ana dafa shi ne bayan ka yi oda, ba daga babbar tukunya ake ɗebowa ba. Saboda haka in ka ce a yi maka risotto ko taliyar jatan lande ba tare da giya ba, kuku zai iya, kuma a Legas sun saba da jin hakan. Abin da ba za a iya gyarawa ba shi ne wanda aka dafa tun safe, irin su bolognese da lasagna da tiramisu. Waɗannan tambaya ake yi, in amsar ta zo da inda-inda a bar su. Sannan akwai waɗanda tun asali babu abin zargi a cikinsu: penne all'arrabbiata ta birnin Rum, tumatir da tafarnuwa da barkono, ita ce ta fi kusa da harshenmu, spaghetti aglio e olio, man zaitun da tafarnuwa da ɗan barkono, pizza margherita ta Napoli, tumatir da cuku da ganyen ɗoɗɗoya, da gasasshen kifi da lemon tsami. In ana shakkar inda nama ya fito, kifi ya raba gardama.

Maganar ƙoshi, nan ma 'yan Labanan sun ci. Kafin nama ya iso an cika tebur da ƙananan kwanuka, hannu na kai da kawowa, gurasa na ƙarewa ana ƙarowa. A gidan Italiyawa za a ajiye maka faranti mai faɗi, taliya a naɗe a tsakiyarsa ba ta wuce cikin tafin hannu biyu ba, mai kawo abinci ya tsaya a kanka yana kankara cuku har sai ka ce ya isa. Wanda bai saba ba zai ɗauka rowa ce. Dalilin shi ne su a tsarinsu taliya ba ita ce abincin duka ba: akwai na buɗe baki, sai taliya ko shinkafa, sai nama ko kifi da ganye a gefe, sai kayan zaƙi da kofi. In kowannenku ya bi wannan tsari shi kaɗai aljihu zai ji a jikinsa, in kuma kowa ya tsaya a faranti ɗaya, a hanyar gida za ku tsaya wurin mai tsire a Obalende.

Mafita ita ce ku ci tare. Ku ce a kawo komai tsakiyar tebur, a ba kowa ƙaramin faranti. Ku shida, na buɗe baki biyu, pizza biyu, taliya kala uku da babban kifi ɗaya za su wadatar. Cikin na buɗe bakin ka sa burrata, wani dunƙulen farin cuku daga yankin Puglia. Ka bar mai tafiyar ya sa masa wuƙa da kansa: yana tsaga shi cikin zai malalo kamar kindirmo mai kauri a kan yankakken tumatir, kowa ya dangwala da burodi. Ka kuma gaya wa jama'arka tun da wuri cewa taliyar za ta zo da ɗan tauri a tsakiya. Haka suke son ta, ba ɗanya ba ce. Wanda ba zai iya ba ya ce a ƙara masa dahuwa tun lokacin oda, ba bayan an kawo ba.

Kuɗi kuwa, duka biyun ba wurin araha ba ne, amma na Italiyawa ya fi tsada a kan abin da zai shiga ciki, domin cuku da man zaitun da ita kanta taliyar yawanci daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin dala. Abin da ke kama mutane a ko'ina shi ne ƙasan takardar biya. Akwai harajin VAT na gwamnatin tarayya, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. Akwai harajin ci da sha na Jihar Legas, kashi 5 cikin ɗari, wanda dokar 2009 ta ɗora wa otal-otal da gidajen abinci. Wasu wuraren kuma suna ƙara kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10. Wato in abincinku ya kama naira 200,000 a takarda, kana iya ganin 245,000. Ka tambaya ko farashin da aka rubuta ya haɗa da haraji. Ruwan sha ma ka ce na gida kake so, in ba haka ba za a buɗe muku kwalbar da aka yo odarta daga Italiya. Kuma ku gama maganar wanda zai biya tun kafin ku zauna, a tura wa mutum ɗaya, kada a yi ta jan takarda a gaban wanda ake karramawa.

To me ya sa duk da haka na ce na Italiyawa? Saboda abin da ya tara ku. Sallama za ku yi da mutumin da ba ku san ranar da za ku sake haɗuwa ku shida a tebur ɗaya ba. Gidajen 'yan Labanan da na sani, musamman daren Juma'a da Asabar, akwai kiɗa da hayaƙin shisha da hayaniya, sai ka ɗaga murya kafin na ƙarshen tebur ya ji ka. Na Italiyawa ya fi natsuwa, kuma da yake abincin kashi-kashi yake zuwa, tsakanin faranti da faranti akwai sararin hira, a tuna baya, a yi wa mai tafiya addu'a. Ga shi kuma shawarma da gasasshen nama ba baƙonku ba ne, alhali wannan zai zama abin da za ku ɗanɗana tare karon farko. Da kun kai mutum goma, ko akwai dattijo a cikinku wanda ganin kwalaben giya a teburin maƙwabta zai hana shi sakewa, da ban ba ka wannan shawarar ba. Irin wannan taron gara a yi shi a gida, a sa a dafa.

Ka zaɓi daren Talata ko Laraba, ka kira ka kama tebur kwana ɗaya kafin nan, ka ce a ba ku na lungu nesa da wurin sayar da giya. A wayar nan ka tambayi maganar bolognese da tiramisu, ka kuma ji ko suna da dokar sutura. Kaftani da hula sun wadatar. Masu tahowa daga Agege ko Mile 12 su fito da wuri, domin ko da yake da yamma cunkoson gadar Third Mainland ya fi tsanani ga masu barin tsibiri, kafin a iso gadar ma akwai aiki. Ba kowane gidan abinci ke da wurin salla ba, don haka ku yi Magariba kafin ku shiga, ko ku tambayi masu gadi a bakin ƙofa. Sau da yawa 'yan'uwanmu ne, kuma ba sa rasa buta da tabarma.