Na'urar ƙayyade gudu da na sa wa bas ɗina mai lodin Kano zuwa Abuja

Masu motar haya da suka damƙa wa direba amana, da ku nake. Na'urar ƙayyade gudu, limita inji direbobi, ita na sa a Hiace ɗina, kuma tunda ta kwana biyu a jikin motar bari in faɗi yadda na same ta, don na lura da yawan mutane takardar shaidar kawai suke nema saboda 'yan Road Safety, ko abin yana aiki ko ba ya yi ba ruwansu.

Dokar ba sabuwa ba ce. Tun 1 ga Fabrairu 2017, zamanin Boboye Oyeyemi yana shugaban hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wato Road Safety ɗin, aka fara kama motocin haya da ba su sa ba. Ƙa'idar gudun kuma a rubuce take: a babban titi mai hannu biyu motar gida 100, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. A titi mai hannu ɗaya bas 80, cikin gari 50. Tawa a 90 aka saita ta.

Ɗan ƙaramin akwati ne ake ɗaurewa a ƙarƙashin dashbod, waya ɗaya tana karanta gudun motar ɗaya kuma tana haɗe da ɓangaren totur, da maleji ya taɓa 90 sai ta rage man da ke shiga inji, direba ya take totur har ƙasa motar ba za ta ƙara ko taku ɗaya ba. Amma fa ba ta taka birki, wannan a sani. A gangare da cikakken lodi da kaya a but mota tana iya wuce 90 da nauyinta, nan kam sai ƙafar direba.

Inda ta biya ni kuɗina shi ne daga Na'ibawa zuwa Zariya har Kaduna. Wannan titin da a taswira ake rubuta masa A2, wanda ya taso tun daga kudu ya ratso Lokoja da Abuja ya wuce Kano har Daura, tun da aka sabunta kwaltar wannan ɓangaren ya zama jarabawa ga duk mai riƙe da sitiyari. Titi sumul, ba rami, sai yaro ya ga kamar filin jirgi aka ba shi. Kafin in sa na'urar fasinjoji suna kiran lambar da ke jikin motar suna cewa Alhaji direbanka zai kashe mu, ya ƙure maleji tun daga Kura, in na yi masa magana ya rantse ya maya cewa bai wuce ɗari ba. Yanzu wannan musun ya ƙare, ba ni da bukatar rantsuwar kowa.

Sai maganar mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 duk mai mota ya koma lissafin lita, kuma bas mai tafiya 120 da mai tafiya 90 ba shan mai ɗaya suke ba, iska ce take tokare motar, tsayin Hiace ɗin nan kuwa kun san shi. Na ga bambanci a kuɗin man zuwa da dawowa, kuma balas ya daina zuwa da guntun uzuri. Tayoyi ma sun fi daɗewa. Lokacin zafin Maris da Afrilu da kwalta take tafasa, taya mai zafi ga gudu ga obalodi, shi ne kake jin ta yi bindiga mota ta wuntsila, a 90 aƙalla direba yana da damar riƙe sitiyari.

To amma na'urar nan lamba ɗaya ta sani a duniya, 90, kuma nan ne matsalarta. Ba ta san an shigo Kwanar Dangora ko Tashar Yari ko Mararraban Jos ba, inda masu talla da yara da 'yan acaɓa suke tsallaka titi, direba zai iya ratsa tsakiyar kasuwa a 85 ita ko a jikinta, alhali 50 doka ta ce. Haɗarin da ya fi cin rai a irin waɗannan wuraren ba ta da maganinsa ko kaɗan.

Babban abin da direbana yake kuka da shi, kuma na ba shi gaskiya, shi ne daga Kaduna zuwa Abuja. Aikin titin nan an fara shi tun 2018, kilomita 375 ne gaba ɗaya daga Abuja zuwa Kano, Julius Berger ne suka riƙe shi har gwamnati ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna a ƙarshen 2024 aka ba wani kamfanin. Duk inda ake aiki sai a rufe hannu ɗaya a tattara masu zuwa da masu dawowa a ɗaya hannun, yau a karkatar da ku nan, bayan kwana biyu shingen ya matsa gaba. A irin wannan wurin ka biyo tirela mai siminti tana rarrafe, ka leƙa ka ga fili, ka fita obatekin, kana tsakiyar jikinta motar ta kai 90 ta ƙi ƙarawa ga wata tanka ta taho tana ba ka wuta. Direban da ya saba da ƙarfin motarsa nan ne gabansa yake faɗuwa. Sai da ya canza lissafinsa gaba ɗaya, in fili bai yi nisa sosai ba ba ya fita, ya haƙura ya bi bayanta, fasinja na tsaki yana ji. Ni a ganina haƙurin ma riba ne, don a wurin da aka haɗe hannu bai kamata a kai ko 80 ba, amma satin farko wallahi akwai hatsari, duk wanda zai sa ya ja kunnen direbansa tun kafin ya hau titi.

Akwai kuma maganar Rijana da Katari, wuraren da shekarun baya masu garkuwa suka addaba. Direbobi suna cewa in aka tare hanya da me za ka gudu? Na ji wannan hujjar sosai a tasha, kuma ita ce dalilin da wasu ke zuwa wajen rewaya a sa musu ɓoyayyen makunni, su kashe na'urar in sun bar gari su kunna in sun hango shingen jami'ai. Ban raina tsoronsu ba. Sai dai bas mai mutum goma sha takwas a kan titi mai ramuka da daddare, ƙarin gudun da ake nema ɗin shi ma kisa yake. Ni abin da na yi, na hana lodin yamma, mota ta bar Abuja da wuri ko ta kwana.

Wajen sawa kuma a yi hattara. Wanda ya fara ɗaura min, ba zan kama suna ba, murɗa wayoyin kawai ya yi ya naɗe da salatif, da damina ta sauka mota ta fara shaƙewa tana fizga a 60, makanike ya canza fulogi ya wanke fanfon mai duk a banza, ashe haɗin wayar ne ya yi tsatsa. Sai da aka sake haɗin da dalma aka rufe shi da kyau sannan ta daidaita, tun daga nan ba ta sake ba. Don haka ku je wajen dilan da hukuma ta amince da shi, ku karɓi satifiket mai lambar motarku, ku tsaya a gwada a kan titi kuna zaune a gidan gaba kuna kallon maleji, sannan ku sa a liƙe akwatin da hatimi yadda in an buɗe za ku gane. In direbanku ya fara isa Zuba da wuri fiye da yadda ya saba, ku leƙa ƙarƙashin dashbod.