Sitensil mai zanen ganye uku: abin da na gani bayan wata huɗu

Wata huɗu ke nan da na sayi wani saitin sitensil, robobin nan masu huda da ake mannawa a bango a bi da fenti, zane ya fito. Guda 12 ne a kwalin, kowanne santimita 30 a tsaye da kwance, kuma duk siffa ɗaya suke jujjuyawa: ganye uku da suka haɗa kai a tsakiya. Na yi wa bangon baranda ɗamara da su, na bi tukwanen fure biyar, na kuma gwada a jikin labule. To hannuna dai ya sha fenti kafin na zauna rubuta wannan.

Wani hoto ne ya jawo ni. Mihrabin babban masallacin Kurɗuba a ƙasar Andalus, wato Sifen ta yau, wanda aka gina zamanin Halifa al-Hakam na biyu a shekarun 960, yana da jerin ƙananan bakan gizo na gini guda bakwai a samansa, kan kowanne ya kasu gida uku. Na daɗe ina kallonsa. Da na fara lura sai siffar ta yi ta bina: a tagogin manyan coci-cocin Faransa da Ingila na ƙarni na 13, a jikin karta, a tambarin Adidas da ya fito a 1972. Har mayafin wani ɗan gunkin dutse da aka haƙo a kufan tsohon birnin Mohenjo-daro a Pakistan, wanda ke gidan tarihi na Karachi, ganye uku ne a warwatse a jikinsa, shi kuwa ya doshi shekara 4,000. Na ce abin da ya yi wannan daɗewa bai gunduri mutane ba, ba zai gundure ni a baranda ba.

Saitin kashi biyu ne, ko da yake mai sayarwa bai faɗa ba. Takwas irin na magina ne, zagaye uku da suka shiga juna. Sauran huɗun an yi su ne wai don su kwaikwayi ganyen tsiro na gaske, da jijiya da ɗan kara.

Na maginan nan, gaskiya, ba ni da abin cewa sai yabo. Siffar ba ta da wani asiri: alwatika ce mai gefe uku daidai, a kafa ƙafar kamfas a kowace kusurwa a zagaya. Amma sauƙin nan shi ne tarkonta, don idan zagaye ɗaya ya kauce ko da kaɗan, ido zai kama tun daga bakin ƙofa. Na ɗauko kamfas da rula na auna uku daga cikinsu, ban sami karkata ba. Yankan ya fita sumul, babu gashin roba a baki. Wanda na fi so shi ne mai ɗan tsini tsakanin kowane zagaye biyu. Da na jera shi da fenti ruwan ƙasa a kan farin bango, wani baƙo sai da ya kai hannu ya shafa, yana zaton sassaƙa ce.

Ranar farko kam na ɓata mita guda cur, kuma laifina ne. Na tsoma soso ya jiƙe sharkaf, fentin ya kurɗa ƙarƙashin robar, ganyen suka fito kamar tawada ta zube. Dabarar ita ce a dangwali fenti kaɗan, a goge a jikin takarda har soson ya kusa bushewa, sannan a riƙa dannawa, ba shafawa ba. Gara a bi sau biyu da a cika sau ɗaya. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan wannan ba, ta ɓata wurin wajen yabon kanta.

Sai huɗun nan masu kwaikwayon tsiro. Nan muka raba gari. An rubuta cewa ganyen kuloba ne, ciyawar da masana ke kira Trifolium, wato mai ganye uku a harshen Latin, 'yar dangin wake da ke da nau'i wajen 300. Ina da farar kuloba a tukunya, na tsinko ganye na ɗora kusa da robar. Ba su ko yi kama ba. Ganyen kuloba mulmulalle ne kamar ƙwai, da ƙananan haƙora a gefe, da wani farin layi mai kama da jinjirin wata a tsakiya. Abin da ke jikin robar kuwa siffar zuciya ce mai zurfin tsaga a ka, wannan kuma ganyen Oxalis ne, wani tsiro dabam wanda ba danginsu ɗaya ba. Ba masu wannan saitin kaɗai ke wannan kuskure ba. Yawancin zanen shamrok, alamar ƙasar Ailan da ake baza wa duniya duk ranar 17 ga Maris, da siffar zuciya ake yin sa. Wanda ado kawai yake nema ba zai damu ba. Ni da nake son zanen jikin tukunya ya dace da abin da ke tsirowa a cikinta, abin ya tsaya min a rai.

Ko an bar maganar suna, waɗannan huɗun ba su da ƙarko. 'Yan siraran robar da ke riƙe jijiyar ganye ba su fi kaurin tsinken tsintsiya ba. A wanki na uku biyu suka tsinke, na liƙe da salatif, suka sake ɓallewa. Na maginan kuwa na wanke wasu ya fi sau ashirin da ruwan ɗumi da sabulu, suna nan garau. Sai dai a wanke nan take, don in fenti ya bushe a bakin huda, zane na gaba zai fito da ƙanƙancewa.

Wani abin haushi: babu alamar jeri a gefen robar. In za ka yi ɗamara mai tsawo, kai za ka ja layi da fensir, ka auna tazara, ka sa wa robar alama da kanka. Huda biyu ƙanana a gefe da sun raba mutum da wannan wahala. A jikin tukunya ma sai da dabara, robar ta yi kauri ba ta son lanƙwasa, sai da na datse ƙaramin zane ɗaya da almakashi na ɗaure shi da roba. A labule ya yi kyau da fentin yadi, muddin an shimfiɗa shi a kan tebur an danne gefuna.

In wani ya tambaye ni, zan ce ya saya in bango ko yadi zai yi, ya ɗauka guda takwas ya biya wa kuɗi. Mai neman ganyen kuloba na ainihi kuwa ya nemi wata hanya. Ni dai na busar da ganye ɗaya a cikin littafi, na kwafe shi a kan bangon wata tsohuwar jakar takardu ta roba, na yanke da reza. Bai kai nasu tsafta ba, amma jinjirin watan yana nan a tsakiya, kuma da shi na ƙarasa tukunya ta biyar.