Kafin ka sayi ƙaramar tirela, ka tuna da gangaren Hawan Kibo

Duk wanda ya taɓa saukowa daga Jos zuwa Akwanga da kaya a bayansa ya san Hawan Kibo. Jos na kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. Shi ya sa in wani ya zo neman shawara kan ƙaramar tirela, irin wadda ake ɗaura wa jif ko Hilux don ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos ko kai janareto wurin aiki, tambayata ta farko ita ce: motarka za ta iya tsayar da kayan nan a gangare? Ja dai kusan kowace mota za ta ja. Tsayawa ce ke raba mutum da gida.

Fara da littafin motarka. A ciki kamfani ya rubuta nauyin da aka yarda ta ja, kuma adadi biyu ne: na tirela mai birki da na marar birki. Hilux na dizal ƙirar 2015 zuwa sama, wasu samfuransa na jan kilo 3,500 in tirelar na da birki, amma in babu birki kilo 750 ne kawai. Mai injin fetur 2.7, wanda ya fi yawa a hannun mutanenmu, bai kai na dizal ba. Land Cruiser 200 ma kilo 3,500 ne. Highlander mai V6 da aka shirya wa ja tun daga kamfani na kaiwa kusan kilo 2,270. RAV4 da CR-V na Amurka galibi wajen kilo 680 suke tsayawa, duk da girman da suke yi wa ido. In motarka tokumbo ce daga Amurka, da fam aka rubuta adadin. Raba shi da 2.2 ka samu kilo.

Kuma adadin nan ya haɗa da nauyin tirelar kanta. A ce tirela kilo 250 ce babu kaya, buhu kuma kilo 100: buhu biyar ka cika 750. Na shida ka wuce iyaka.

To, wace za ka saya? Marar birki ta fi araha, ba ta da wahalar gyara, kuma ta isa ga mai ɗaukar kujerun biki ko ƙaramin injin ban ruwa a cikin gari. Amma a gangare duk nauyinta a kan birkin motarka yake sauka. Birki in ya yi zafi sai ya daina kamawa, ka taka ka ji kamar soso. Mai birki iri biyu ce. Akwai wadda birkinta ke kamawa da kansa in mota ta rage gudu tirela ta turo ta daga baya. Wannan ta Turai ce, ba ta buƙatar waya, kuma bakanike zai gane kanta cikin sauƙi. Akwai kuma mai birkin lantarki, irin ta Amurka, wadda sai an saka wa mota na'urar sarrafa ta. Ta fi ba direba iko, sai dai in waya ta tsinke ko ruwa ya shiga, shi ke nan ba birki. A hanyoyinmu ni na fi son ta farkon. In har za ka riƙa bin hanyar Jos zuwa Abuja da kaya, kuɗin birki ba asara ba ne.

Tirelar da masu walda ke haɗawa a gida ba laifi ba ce, na ga masu ƙarko. Matsalar ita ce yawanci babu wanda ya auna ta, babu farantin da ke nuna iyakar nauyinta. Ka leƙa ƙarƙashi ka dubi waldar, ka tambayi daga wace mota aka ciro sandar tayoyin, ka karanta shekarar taya: lamba huɗu na ƙarshe a gefenta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Na taɓa sayen wata da tayoyinta ke da zane sumul, ban duba shekara ba, ɗaya ta fashe min kafin Keffi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙugiyar da ake mannawa a bamba. Wurin ɗaurin ja a jikin shasi yake, da kusoshi masu ƙarfi. Sannan ƙwallon ƙarfen da bakin tirela ke hawa ba girma ɗaya ba ne: na Turai milimita 50, na Amurka da aka fi gani inci 2, wato milimita 50.8. A ido iri ɗaya ne, amma kada ka gauraya su. Sarƙoƙi biyu na tsaro a gicciye su a ƙarƙashin wuyan tirela, don in ta kwance su tallafe ta. Fitilun birki da na sigina su yi aiki. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na dubawa, na bayanka kuma da su yake gane niyyarka.

Wajen lodi, wajen kashi 60 cikin 100 na kaya ya kasance gaban tayoyi, yadda wajen kashi 10 na nauyin duka zai danne ƙugiya. In baya ya fi nauyi, tirela za ta fara wutsiya hagu da dama. In ta fara, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari: ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ta lafa da kanta.

Kafin ka shiga Hawan Kibo ka sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya taya birki riƙo. Kafin nan ma, da ka yi 'yan kilomita daga gida, tsaya ka sake ɗaure igiyoyi, ka kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace taya. In ɗaya ta fi sauran zafi sosai, kada ka ci gaba sai an duba ta.