Takalmin niyofirin mai zif a taɓon mangirof: tafin ya yi, zif ɗin ya ci amana

Takalmin nan na robar niyofirin mai kaurin milimita 5, mai zif a gefen ciki, irin wanda masu nutso suke sawa, shi ake ta yabawa ga masu yawo a gaɓar mangirof, wato dajin da ke tsirowa cikin taɓo a bakin teku, inda ruwan teku ke cikowa yana janyewa. Fita shida na yi da shi, kuma a biyun farko ban ga abin kushewa ba.

Taɓon mangirof ba ya sakin abin da ya kama. Takalmin ruwan sama mai faɗin baki, da zarar ƙafa ta nutse zuwa ƙwauri, sai mutum ya zaro ƙafarsa da safa kawai, takalmin yana can ƙasa. Wannan kuwa ya matse idon sawu sosai, in aka fara ɗaga dunduniya sannan aka murɗa ƙafar kaɗan don iska ta shiga, tare suke fitowa. Tafinsa ma ya burge ni. Itacen Avicennia, ɗaya daga itatuwan mangirof, yana fitar da saiwoyin numfashi a tsaye kamar an kafa fensira dubu a ƙasa, a jikin saiwoyin wani itacen mangirof, Rhizophora, kuma ƙumba ke mannewa, kaifinta kamar reza. Ba wanda ya huda tafin, sai ƴan zane.

Sai zif.

Wanda ya tsara wannan zif ruwan teku mai haske ya sa a ransa, bai taɓa ganin laka ba. Lakar mangirof laushi gare ta kamar kwaɓaɓɓen gari, tana shiga tsakanin haƙoran zif ɗaya bayan ɗaya. A fita ta uku marufin da ke bayan zif ɗin ƙafar dama ya naɗe, ɓarɓashin ƙumba ya shige ciki ya zauna daidai ƙarƙashin idon sawu. Abin da ya dace shi ne a zuge, a zazzage, a mayar, aikin minti ɗaya. Zif ya sauko rabi ya ƙi gaba ya ƙi baya. Takalmin da zif ɗinsa ya tsaya a rabi kuwa ya tashi daga takalmi ya koma guga: kowane taku yana ɗibar taɓo, nauyinsa yana ƙaruwa, riƙon idon sawun da aka saye shi dominsa ya tafi.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi shi ne lokaci. A mafi yawan gaɓoɓi tsakanin janyewar ruwa da cikowarsa awa 6 ne da ƴan mintuna, kuma ba a hankali ɗaya yake dawowa ba: kusan rabin ruwan a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. A shimfiɗaɗɗen fili irin na mangirof, ƙananan magudanan da ke bayan mutum su ke fara cika kafin ya ga ruwa a gabansa. Wanda ya shiga awa 2 kafin ƙarshen janyewa, ya shirya juyowa da zarar ruwa ya fara kawowa, ba shi da minti 20 na kokawa da zif. Ranakun tsayuwar wata da cikarsa ma sun fi haka tsanani.

Ana iya lallaɓa zif ɗin. A goga kyandir a haƙoran kafin fita, a riƙe gorar ruwan daɗi ta rabin lita da tsohon buroshin haƙori, kada a taɓa zif sai an wanke layinsa tas. Ya yi aiki a fita ta huɗu da ta biyar. A ta shida marikin ƙarfen ya fara yin fari saboda gishiri, duk da ana ɗauraye shi kullum ana shanya shi a inuwa.

Da na ce zif ne kaɗai matsalarsa, amma ina. Milimita 5 ta yi yawa ga wuri mai zafi da danshi. Gumi ba ya fita, fata tana jiƙewa ta yi laushi, ɗinkin dunduniya ya tayar da bororo cikin awa 2 in ba a sa siririyar safa ba. Kuma buɗaɗɗen rauni a ruwa mai ɗumi da gishiri-gishiri ba abin wasa ba ne, nan ƙwayar cutar Vibrio take rayuwa. Ga warin ruɓaɓɓen ƙwai na taɓon, wanda robar ta riƙe ta ƙi saki ko bayan an jiƙa shi a sabulu ya kwana. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET kuma a kiyaye shi daga jikin takalmin, yana ɓata roba, alhali ƙananan ƙudajen nan masu cizo da asuba da yamma idon sawu suke nema.

Ga mai tafiya kan yashi da duwatsun gefen dajin, ya saya. Mai shiga tsakiyar taɓo ya nemi mai milimita 3, marar zif, wanda ake zurawa kamar safa a ɗaure da maɗauri a idon sawu, da tafi mai kauri irin na wannan.