Wane bado ya dace da tafkin gida a Kano?

Kafin ka tambayi kuɗi, kafin ka tsaya zaɓen launi, tambayi mai sayarwa abu ɗaya: da wane lokaci furen nan yake buɗewa? Wani bado na rana ne, yana buɗewa da hantsi, kafin la'asar ya tsuke. Wani na dare ne, yana buɗewa bayan magariba, ba ya rufewa sai rana ta ɗaga. Mutumin da ke fita Kantin Kwari ko Singa tun da safe, ba ya dawowa sai an kira magariba, in ya sayi na rana to maƙwabta da 'yan aike ya saya wa. Shi ganye kawai zai riƙa tararwa.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni, farin badonmu na gida nake nuna masa, wanda masana tsirrai ke kira Nymphaea lotus. Shi ne kake gani a kududdufai da fadamu da gefen dam irin su Tiga da Challawa. Na dare ne. Furensa fari fat, tsakiyarsa rawaya, yana ɗagowa sama da ruwa a kan kara. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 kowa ya fito da tabarma tsakar gida bayan isha'i, daidai lokacin ne yake a buɗe. Fure guda yakan yi kamar kwana uku zuwa huɗu yana buɗewa yana rufewa, sannan ya nutse, wani ya taso. Gane shi ba wuya ko da babu fure. Ɗaga ganyen ka duba: bakinsa yana da haƙora-haƙora masu tsini, bayansa kuma jijiyoyi ne ɓaro-ɓaro da ɗan gashi mai laushi da za ka ji da yatsa. Zafin Kano bai dame shi ba. Da hunturu, a Disamba da Janairu, ganyen kan ragu, furen ya ɗauke, wani har ya ɗauka ya mutu. Bai mutu ba, saiwar ce ta kwanta a laka, zafi na dawowa zai farfaɗo. Tsiron da ya saba da kududdufin da ke ƙafewa da rani ya cika da damina, ba ɗan sanyin Kano ne zai kashe shi ba. Aibinsa ɗaya, cin wuri. In ya ji daɗi tushe guda zai iya shimfiɗa ganye ya rufe fiye da mita ɗaya, don haka ba na baho ba ne. Sai tafkin siminti, ko aƙalla rabin babban tankin roba.

Na biyu a wurina shi ne shuɗin bado, na rana, mai ƙanshi, dangin wanda mutanen Masar na dā suka zana a bangon kaburburansu. Bakin ganyensa sumul yake ko ɗan lanƙwashe, sau da yawa da ɗigo-ɗigon shunayya a baya. Akwai wani ɗan'uwansa na Afirka ta Yamma, Nymphaea micrantha, da ke fitar da ɗan tsiro a tsakiyar ganye, daidai inda kara ya haɗu da shi. In ka samu wannan, ganye ɗaya ya ishe ka yin sabon dashe. Ga mai zama a gida da rana, ko makaranta, ko harabar ofis, ba laifi.

Sai na ƙasashen sanyi, ja da ruwan hoda da rawaya, waɗanda furensu ke kwanciya a kan ruwa. Da yawansu daga aikin wani Bafaranshe ne, Latour-Marliac, da ya kafa gonarsa a 1875, kuma a wurinsa mai zane Monet ya sayi na tafkinsa. Suna da kyau a hoto, amma don Turai aka haɗa su, su da ke son hutun sanyi. Ban ga dalilin biyan kuɗin jirgi a kansu ba. Shi kuwa Victoria na kogin Amazon, mai ganyen da ke kusan mita 3, sai mai gidan gona.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma a nan aka taɓa ƙona ni. Wani mai fulawa a bakin titi ya nuna mini bokiti cike da ganye kore shar mai sheƙi, ya ce, "Alhaji, wannan ɗan waje ne, furensa shunayya, ba irin na kududdufi ba." Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren: ɗan waje ne, furensa ma shunayya ne. Amma ba bado ba ne. Ciyawar nan ce Eichhornia, 'yar Kudancin Amurka, wadda ta shigo ruwayen Legas a shekarun 1980 ta toshe hanyoyin kwalekwale. Kafin damina ta ƙare ta rufe mini ruwa ruf, kifayen suka riƙa tasowa sama suna haki. Alamarta a fili take: gindin karan ganyen a kumbure yake, in ka matsa za ka ji iska ce ciki, kuma in ka ɗaga ta gaba ɗaya take tasowa da baƙin gemun saiwa, domin ba a kafe take ba. Haka kainuwa, ita ma yawo take a saman ruwa, ba ta kuma da furen da za a kalla. Bado na gaskiya a kafe yake a laka. Ganyensa kwance yake a kan ruwa, zagayayye, da tsaga guda ɗaya daga baki zuwa inda kara yake. Babu tsagar nan, ajiye kuɗinka.

Mafi muni su ne masu tallan iri a Facebook da Instagram. Hoton fure baƙi wuluk, ko mai launi bakwai a fure ɗaya, ko shuɗi mai ƙyalli a cikin kofin shayi: duk aikin kwamfuta ne, babu irin wannan badon. Abin da ke zuwa a leda yawanci ƙwaya ce baƙa mai tauri kamar gurjiya. Wannan irin Nelumbo ne, wani tsiro daban da aka fi sani a Indiya da Sin, wanda ganyensa ke miƙewa sama da ruwa, babu tsaga, ruwa kuma ba ya jiƙa shi. Irin bado ƙanana ne ƙwarai. Ko da na gaskiyan aka aiko, badon da aka yi wa aure don launi ba ya maimaita launin uwarsa ta hanyar iri, wasu ma ba sa yin irin sam. Saiwa ake saya, ko tsiro mai rai. Danna saiwar da babban yatsa: ta zama da tauri, da ɗan toho a kai. In ta lotse ko tana wari, ta ruɓe, ko da mai ita ya rantse.

Wani zai ce, tunda na gida kake yabo, bari in je kududdufi in tumɓuko kyauta. A nan ma a yi hattara. Ƙananan katantanwa da ke maƙale a bayan ganyen bado a irin ruwayen nan, cikinsu akwai masu ɗauke da cutar tsargiya, kuma ta fata take shiga. Kada a tura yara. Babba ya sa takalmin roba da safar hannu, a yanke tsofaffin ganye a can, a wanke saiwar, a kankare duk wani abu mai yauƙi da ke jiki domin ƙwan katantanwa ne, a ajiye a bokiti daban mako biyu zuwa uku ana dubawa kafin a kai tafki. Wanda ka saya a bakin titi ma haka za ka yi masa, don mai yiwuwa daga can ya fito.

Dashen kansa ba dogon zance ba ne. Laka mai nauyi ta fadama a faffaɗan kasko ko roba, ba ƙasar leda ta masu fulawa mai dusar katako ba, wadda ke tasowa ta ɓata ruwa. Bar kan tohon a waje, ka rufe lakar da tsakuwa, ruwa ya hau kansa santimita 30 zuwa 60. Rana aƙalla awa shida, har shi na daren. A ƙarƙashin darbejiya ganye kawai zai yi. Ɗanyen kashin shanu gansakuka yake haifarwa, gara ɗan takin NPK a ƙulle a takarda a cusa can ƙasan laka. Kifi dole ne saboda sauro, amma ƙanana. Karfasa tana cin toho, tarwaɗa kuma tone kaskon take yi.

Ka saya bayan hunturu ya wuce, daga Maris zuwa farkon damina. In mai sayarwa ya ce na dare ne, je masa da sassafe kafin ƙarfe tara ka ga furen a buɗe, a jikin tushen da za a ba ka, ba na kusa da shi ba, sannan ka biya.